Mai Bulo a Kan Taga

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Wanda ya tashi a Gobir ba sai an yi masa bayanin wannan ba, amma na yi aiki da malamai 'yan wasu garuruwa da suke sakin baki idan na faɗa musu. Inna ba ta kallona ido da ido, ba ta zama inda na zauna, ba ta miƙo min abu hannu da hannu. Idan tana son in ci abinci sai ta ce wa wani cikin ƙannena, "Kai ma wancan tuwo." Idan babu kowa a kusa sai ta faɗa wa kaji, ni kuma in tsinci saƙona. Kakata ce ta yaye ni, a ɗakinta na girma a Turba. Ɗakin Inna kuwa iyakata bakin ƙofa, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana duban wani wuri.

Ba zan ce abin bai taɓa yi min ciwo ba. Ya yi. Autanmu zai miƙe a tabarmarta yana satar ƙuli-ƙulin da take sayarwa, tana zaginsa tana dariya, ni ina tsaye daga nesa kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. Na san kunya ce ba ƙi ba, kowa ma ya gaya min haka tun ina ƙarami. Duk da haka na yi kishin auta, kuma har yau da furfura a gemuna ban gama warkewa ba.

Babanmu yana kai wake Maraɗi ya dawo da kayan koli. Wata shekara, ina kwalejin malamai a lokacin, ya dawo da wata 'yar na'urar gem a aljihun babbar rigarsa. Roba ce ruwan toka, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa. Wasanni da yawa aka ce tana da su, amma ɗaya ne ya kama gidanmu: bulo na saukowa daga sama, kana juya shi kana jerawa, layi ya cika ya ɓace, in ka yi sake ginin ya kai rufi ka mutu. Muka sa mata suna mai bulo. Bayan la'asar ake zama da ita a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, babba ya fara, in ya mutu ya miƙa wa mai bi masa, sauran suna leƙe ta kafaɗa suna ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Mai bulo ba ta san sunan kowa ba. Lamba ɗaya tak take riƙewa a kusurwar gilashinta, ta wanda ya fi kowa maki. In wani ya wuce ta, sai ta goge ta farko ta rubuta sabuwa. Lambar nan tawa ce, kuma na yi taƙama da ita yadda ya kamata. Na koma makaranta na bar ta, ina ganin ko ƙannena za su shekara suna fama ba za su taɓa ta ba.

Da na dawo hutun damina sai na tarar an ture ni. Na tsare ƙannen nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ba shi ba ne, kuma da na ga yadda suke wasa na yarda. Baba dai ko kunna ta bai iya ba. Na zauna kwana da kwanaki har na maido da lambata, na ajiye ta inda ake ajiyewa, a wata 'yar taga da ke bangon zaure ta ciki. Ba a yi mako ba aka sake ture ni.

Ƙotar fartanya ce ta tona asirin. Muna noman farko, gidan duk an watse gona, ƙotata ta tsage da hantsi na dawo ɗaukar wata. Ina shiga na ji kukan mai bulo, ɗan kiɗan nan da take yi idan layi huɗu suka ɓace a tare. Daga ɗakin Inna yake fitowa. Ta ƙasan asabari na hango ƙafafunta a miƙe, yatsun suna motsi kamar su ma wasan suke yi. Na tsaya cak. Inna da ban taɓa ganin ta zauna ba aiki a hannu ba. Na ɗauki fartanyar Baba na fita da sanɗa, na yi ta dariya ni kaɗai a hanyar gona har wata mai tallan nono ta tsaya tana kallona.

Ban gaya wa kowa ba, ita ma ba ta ce uffan ba. Amma daga ranar muka samu abin da ba mu taɓa samu ba. In ture ta in ajiye a taga, ta ture ni ta mayar, a naɗe cikin wani ƙyallen atamfa. Inna ba ta yi boko ba, amma lambobi ta san su tun daga agogon Baba da rediyonsa. Ranar da lambar take tata, ina shigowa gida zan ji tana watsa wa kaji tsaba tana cewa, "Ku ci ku ƙoshi, yau wasu za su sha wuya." Ranar da na ƙwace kuwa ba a cewa komai, sai dai furar da za a kawo min ta zo babu sukari.

Na fara koyarwa a Isa, na yi aure, Baba ya rasu, ƙannena suka girma suka manta da mai bulo. Mu ba mu manta ba. Duk ƙarshen mako in na zo gida, bayan na gaishe ta, tagar nan nake fara dubawa. A lambar nake gane lafiyarta. Bayan rasuwar Baba ta yi watanni lambar ba ta motsa ba, ni ma ban taɓa ta ba. Ranar da na zo na ga an wuce ni da 'yan maki kaɗan, na san Inna ta fara dawowa cikin hayyacinta, na zauna a zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Mai bulo tana da hali ɗaya: in aka cire mata batir aka yi jinkiri, sai ta manta lambar. Saboda haka canjin batir a wurinmu aiki ne na natsuwa, a cire ɗaya a cusa sabo kafin a taɓa na biyu. Inna ba ta yarda kowa ya yi ba. Sai ta aiko da batiran a ce, "A ba wancan shi canza, ya fi ku hankali." Mutanen gida sun ɗauka don kayan marigayi ne take lallaɓa ta. Maɓallin juya bulo ya cinye, mai gyaran rediyo ya yanko ɗan guntun silifa ya liƙa. Murfin baya ya ɓace aka ɗaure da roba. Wani baƙin tabo ya fito a gefen gilashin yana ci gaba a hankali.

Shekarar da kwana a ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, auta ya kwashe Inna zuwa gidansa a Sabon Birni. Shi ya gaji hanyar Baba, yana kai kaya Nijar yana dawowa. Inna ta bar manyan tukwanenta da turminta a Turba, amma mai bulo ta zo a ƙulle a bakin zanenta. Gidan auta na siminti ne, babu zaure irin namu, sai ta zaɓi tagar ɗakin baƙi inda nake sauka. A lokacin 'yata ta fari tana wurinta, don na ba ta ita kamar yadda aka ba da ni. Ni boko ya ɓata ni, ina kiran yarinyar da sunanta, amma a gaban Inna sai in haɗiye in ce 'yar Kaka.

Auta ne ya kawo sabuwar gem, ta hannu ce ya samu a Maraɗi. In faɗi gaskiya, ta fi mai bulo ta kowace fuska. Gilashinta faffaɗa ne mai launi, da yatsa ma ana taɓa shi ya amsa. Ba ta cin batir, a wutar solar gidan, mai aiki da hasken rana, ake yi mata caji. Gefunanta biyu suna ciruwa mutum biyu su yi wasa a tare, akwai ƙwallo, akwai tseren mota, har wasan bulo akwai, ja da kore da shuɗi. Gidan ya rikice. Matar auta da nake ganin ba ruwanta da wasa sai ga ta tana tuƙa mota tana karkata jiki, tuwo yana kamawa a murhu. Yaran maƙwabta suka mayar da ƙofar gidan makaranta. Na ji daɗin ganin haka, musamman a shekarun da dariya ta yi tsada a garin.

Sabuwar tana tambayar suna. Kowa sai an buɗe masa wurinsa, yara suna ce masa ɗaki, da sunansa da 'yar fuskar zane, makinsa yana zaune a ciki ba mai taɓa masa. 'Yata ce ta buɗe wa kowa. Ta yi wa kakarta fuska da kallabi da tabarau, ta rubuta Kaka. Da aka zo kaina aka miƙo min, ni kuma hannun malami, na rubuta sunana na yanka ban ko yi tunani ba.

Yarinyar nan da kakarta abokan wasa ne, ba abin da ba ta faɗa mata. Ta kai mata gilashin har hanci, ta nuna wurin sunana.

"Kaka, kin san mi anka rubuta nan? In karanta maki?"

"Karanta ki gani in ban cire maki haƙora ba," in ji Inna, ta kawar da kai tana gyara lulluɓi.

Aka yi dariya har da ni. Sai da zan kwanta hutun rana na duba taga, ba komai a kai. Na tambayi auta ina tsohuwar. Ya ce tana cikin kwandon tarkace, batiran ma ya sa a tocila tun shekaranjiya. Na je na tono ta, na sayo batir a shagon bakin titi na sa. Gilashin ya kawo rabi baƙi, kusurwar lamba ba komai sai sifili, ta yi ɗan kuka ta ɗauke. Ba ta sake kawowa ba.

Lambar da ta tafi ta Inna ce. Ta yi min fintinkau a karon ƙarshe, na yi zuwa uku ina fama ban kamo ta ba, kuma na riga na ci alwashin wannan zuwan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fita na sami auta yana ɗaure kaya a babur.

"Wa ya ce ka cire mata batir?"

"Haba Yaya, wagga tsohuwar gwangwani? Ga sabuwa na kawo maku, ko godiya babu?"

In na yi bayani na tona Inna a gaban ɗanta da surukarta, ita da ta yi shekaru tana jiran gida ya watse kafin ta kunna. Na ce masa ya kyauta, na wuce masallaci.

Na gwada ci gaba a sabuwar. Na shiga wurina na yi wasan bulo, na tara maki masu yawa, na ajiye ta a taga. Kafin in juya yara sun ɗauke. Ko da ba su ɗauke ba, me zai faru? Na'urar nan mai adalci ce, ba ta bari wani ya goge wani. Makina yana wurina, na Inna yana wurinta, ɗan kaɗan da ta yi ranar da jikarta ta matsa mata. Mu kuwa goge juna muke yi, ita ce gaisuwar da muka iya. Wanda ya ƙera ta ya yi tunanin gidan da yara suke faɗa a kan maki, ya raba musu gardama. Bai san da gida irin namu ba.

Inna ta daina wasa. Ta ce launin yana sa ta jiri, ta ce maɓallan sun cika laushi kamar tuwon da bai nuna ba. 'Yata ta gaya min a ɓoye cewa ba haka ba ne. Kafin a kai ga wurin Kaka sai an bi ta kan nawa, sunan yana fitowa ɓaro-ɓaro, ita kuma ba ta son ko idonta ya sauka a kai. Yarinyar ta daɗe da sanin sirrinmu, ɗaki ɗaya suke kwana. Ta ce in goge sunan in sa Baba, yadda ita take kirana. Na ce to, amma ban yi ba, kuma ban san dalili ba. Wataƙila taurin kai ne. Wataƙila a can cikin raina ina son sunan ya zauna a gidan da take, ko da ba za ta kira shi ba.

Zuwa biyu na yi bayan nan, ina gaishe ta a bakin ƙofa tana amsawa, fura tana zuwa da sukari daidai, kaji suna cin tsabarsu ba a gaya musu komai. Muka koma yadda muke kafin Baba ya je Maraɗi, sai dai yanzu na san abin da na rasa.

Daga nan hanyar Isa zuwa Sabon Birni ta lalace da tare motoci. Direbobi suka ajiye motoci, masu babur ma sai wanda ya sayar da ransa. Na yi wata da watanni ban je ba. In waya ta shiga, 'yata ce take ɗauka, in ji muryar Inna daga nesa tana cewa, "Ki ce a gaida mutanen Isa." Ni ne mutanen Isa. A kwanakin nan kowa yana lissafin mutuwa ko bai faɗa ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne in ɗayanmu ya tafi, maganarmu ta ƙarshe ita ce lambar da aka zare wa batir aka sa a tocila. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara lissafi sai tunanin ya faɗo min, in manta inda na tsaya.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi na bi ayarin motocin ranar kasuwa. Na iso da azahar, na durƙusa a bakin ƙofarta. Ta rame kaɗan. Ta amsa gaisuwata tana tsince gyaɗa a faifai, ta tambayi bango ko an sha wuya a hanya, na gaya wa bango lafiya lau. Na shiga ɗakin baƙi in ajiye jaka, ban ko dubi taga ba don na daina. 'Yata ce ta biyo ni da ruwa, tana ta murmushin da na san akwai magana a bayansa.

"Baba, ba ka duba taga ba."

Ƙyallen atamfar nan ne, wanda na ɗauka ya bi mai bulo kwandon tarkace. Ya yi wa sabuwar kaɗan, gefunanta duk a waje. Na kwance na kunna. Wurina ne a buɗe a wasan bulo, sunana a sama, amma lambar da ke ƙarƙashinsa ba tawa ba ce. An wuce ni, ba da yawa ba.

"Ke kika yi?"

"Ni? Wallahi ko rabin wannan ban iya ba." Ta zauna a bakin gado ta rage murya. "Ran da anka ce an tare motoci hanyar Isa, ba ta ci abinci ba. Washegari da anka watse tac ce in ɗauko mata. Na buɗe mata nata, tac ce ba shi ba. Tac ce, wane na na wancan? Nac ce ta kawo in buɗe mata, tac ce a'a, in gwada mata dai. Na gwada mata wurin sunanka. Ta daɗe tana kallo, Baba. Sannan ta sa yatsa ta danna da kanta."

Ta ce kullum da hantsi haka take yi, in an cire gem ɗin daga caji kafin yara su dawo daga makaranta. Da farko bulo yana cika mata gilashi nan da nan, tana tsaki tana zagin wanda ya ƙera maɓallan. Ba ta taɓa bari a buɗe mata ba, ita take dannawa. Sai a makon nan ta wuce ni, ta sa aka nemo ƙyallen, ta hana kowa taɓawa har yaran gida suna kuka.

Daga tsakar gida na ji an watsa tsaba. "Ku ci ku ƙoshi," in ji Inna. "Wasu sun daɗe ba su sha wuya ba."

Na zauna na fara wasan don in ba ta amsa, amma idona ya ƙi ba ni haɗin kai, bulo ja da kore suka haɗe suka zama abu ɗaya. Ban yi layi biyar ba na mutu, na'urar ta yi kukan faɗuwa da ƙarfi har waje. Na ji Inna ta yi 'yar dariya ta ce wa jikarta ta taga, "Ki ce mai shi ci abinci tukuna."

Gilashin ya koma wurin sunaye. Da hasken taga ya faɗa a kansa sai na ga tabon man gyaɗa, zanen babban yatsa, ɗaya a kan ɗaya har sun yi duhu, daidai kan sunana. 'Yata ma ta gani, ta kama bakin hijabinta za ta goge.

Na riƙe hannunta na ce ta bari.